Jera Gwarazan Fina-finan Shekara: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, hunturu ya sauka, sai musu ya tashi a majalisun Tudun Wada da teburan mai shayi na Kawo da Rigasa: wane fim ne ya ciri tuta a bana? Kowa da nasa goma, kuma galibi da ka ake zano su nan take, shi ya sa musun ba ya mutuwa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa daga masu son fitar da jerin da za su iya karewa a gaban kowa.

Fim nawa ya kamata in kalla kafin in ce ga gwarazana goma?

Aƙalla ninki uku na tsawon jerin. Mai son fitar da goma ya kalli 30, mai son biyar ya kalli 15. Wanda ya kalli 12 ya fitar da goma bai yi zaɓe ba, biyu kawai ya jefar. Kuma talatin ɗin ba wani jan aiki ba ne: in kowanne awa biyu ne, awa 60 ke nan, wato awa ɗaya da 'yan mintoci a kowane mako. In ba ka kai adadin ba, rage jerin ya koma biyar ko uku. Babu abin kunya a ciki.

Wace shekara ce shekarar fim: wadda aka ɗauke shi, ko wadda ya fito?

Wadda jama'a suka fara samun damar kallonsa, ko a sinima, ko a talabijin, ko a YouTube, ko a manhajar biya. Ranar da aka shiga lokeshan ba ta cikin lissafi, haka ranar da aka saki talla ko waƙar fim ɗin, domin akwai fina-finan da waƙarsu ke zaga gari wata da watanni kafin a ga ko fitowa (scene) ɗaya.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen kyaututtuka, saboda bikin ba da kyauta yakan zo ne a shekarar da ke biye. Amina, fim ɗin Izu Ojukwu a kan sarauniyar Zazzau, ya hau Netflix a Nuwamba 2021, ya lashe kyautar gwarzon fim ta AMVCA, bikin kyaututtukan fina-finan Afirka, a 2022. Na 2021 ne. RRR, fim ɗin Indiya, ya fito a Maris 2022, waƙarsa ta ci Oscar a Maris 2023. Na 2022 ne. Wanda ya sa shi a jerin 2023 don a lokacin ne labarinsa ya iso masa, to ya sauya wa jerin suna ya ce "fina-finan da na kalla a 2023". Wannan ma jeri ne mai kyau, amma wani abu ne daban.

Sai fim ɗin da aka haska sau ɗaya a bikin baje kolin fina-finai, kamar KADIFF da aka fara yi a nan Kaduna a 2018, ko Zuma na Abuja, sannan bai fito kasuwa ba sai bayan shekara. Mun fi karkata ga shekarar fitowarsa kasuwa, tunda ba kowa ya samu kujera a zauren ba. Ko wacce ka ɗauka, rubuta ƙa'idar a saman takarda tun kafin ka rubuta sunan fim ko ɗaya. In ka bari sai sunaye sun hau, za ka tsinci kanka kana lanƙwasa ƙa'idar don wani fim da kake so ya samu shiga.

Kuma a tsaya kan Janairu zuwa Disamba. Lissafi daga Sallah zuwa Sallah yana da daɗi, tunda manyan fina-finan Hausa sukan fito a lokacin, amma Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara, ba za ka iya gwada jerinka da na kowa ba.

Na ga fim a YouTube an rubuta "sabon fim" da shekarar bana. In yarda?

A'a, sai ka bincika. Sabunta wa tsohon fim suna da fosta ya zama ruwan dare, ranar da aka ɗora bidiyo kuma ba ita ce ranar fitowar fim ba. Fara da kai da ƙarshe: takardar shaidar hukumar tace fina-finai da akan nuna a farko, da jerin sunayen ma'aikata a ƙarshe, sau da yawa suna ɗauke da shekara. In ka ga an datse su duka biyun, fim ya fara tsulum a tsakiyar magana, to da walakin.

Daga nan sai ka sa ido a cikin hoton kansa. Wace irin waya ce a hannun jaruma? Waɗanne takardun kuɗi ake ƙirgawa? Sababbin ₦200 da ₦500 da ₦1000 sun shigo hannun jama'a ne a Disamba 2022, saboda haka ganinsu yana nuna ba a ɗauki fitowar kafin nan ba. Mutumin Kaduna yana da ƙarin ma'auni: in mota ta bi ta Kawo, duba gadar. Sabuwar an buɗe ta a Janairu 2022, in tsohuwar ce ta bayyana ka san inda aka kwana. Fuskoki ma shaida ne. Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disamba 2014, duk fim ɗin da yake ciki ba zai zama na shekarun nan ba komai abin da aka rubuta a fosta.

Ga mai jera wata tsohuwar shekara, tsofaffin kofen mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a Kaduna a 1999, sun fi ƙwaƙwalwar kowa riƙe watan da fim ya shiga kasuwa.

Fina-finai masu dogon zango fa, su shiga?

Kada su shiga jeri ɗaya da fim mai ƙarewa a zama guda. Tun wajen 2020, lokacin da Labarina da Izzar So suka fara, akalar masana'antar ta karkata can, har ya zama a wasu shekarun abin da mutum ya fi kallo ke nan. Amma awo ɗaya ba ya yi musu. Mai dogon zango yana da makonni ya sa ka saba da mutanensa, ka ƙi wannan ka so wancan. Fim kuwa awa biyu gare shi ya buɗe labari ya rufe. In ka haɗa su, sabo ne zai ci, ba gwaninta ba.

Yi musu nasu jerin, kuma zango za ka jera, ba shirin gaba ɗaya ba. Daɗin Kowa yana tafe a Arewa24 tun 2015. Ba zai yiwu ya zama gwarzon kowace shekara don kawai yana nan ba. Zangon da ya faro a Oktoba ya ƙare a Janairu, ba shi shekarar da mafi yawan kashinsa suka fito. Wanda bai ƙare ba kuma a dakata masa, don an sha ganin zangon da ya faro da ƙarfi ya ƙare da jan rai, ana maimaita abin da ya wuce ana cusa talla.

Fim mai na ɗaya da na biyu, guda ne ko biyu?

In labari ɗaya ne aka raba don kasuwa, kamar yadda aka saba a zamanin faifai, ya kuma fito cikin shekara guda, guda ne. In shekaru sun raba su, kamar Baahubali na 2015 da na 2017, kowanne ya tsaya a shekararsa.

Zan iya cakuɗa na Hausa da na Indiya da na Amurka?

Jerinka ne, za ka iya. Sai dai ka san abin da zai faru: kuɗin da ake kashewa a fitowar faɗa guda ta babban fim ɗin Indiya ya isa a shirya fina-finan Hausa masu yawa, saboda haka duk makin hoto da sauti zai tafi waje, na gida su taru a ƙasa. Ya fi a yi jeri biyu, sannan in ana so a ɗauko na ɗaya daga kowanne a gwada su ta fuskar labari da wasa kaɗai.

Indiya-Hausa kuwa sai an yi hattara. Abin da ka kalla daga Algaita ko wani ɗakin fassara aikin mutum biyu ne, mai fim da mai fassara. Mai fassara yakan ƙara barkwancin da babu shi a asali, ya laƙaba wa bos sunan da zai zauna a bakin yara, wani lokaci a rage waƙoƙi. Dariyar da ka yi, ta wa ce? In fim kake jerawa, shekararsa ita ce ta fitowarsa a Indiya, ba ta fassara ba. In kuwa fassarar ce ta burge ka, buɗe mata nata gurbin, ka auna dacewar murya da motsin baki, da ko kiɗan asali ya tsira, da ko an bar wurin kuka ya zama na kuka.

Me zan rubuta bayan kowane kallo?

Layi biyar sun isa, amma a daren, kafin ka karanta ra'ayin kowa a Facebook ko TikTok. Suna da kwanan wata. Inda ka kalla da irin kofen. Fitowa ɗaya da ta tsaya maka a rai. Abu ɗaya da ya ɓata maka. Sai maki na wucin gadi. Misali:

"14 ga Yuli. YouTube, a waya, da abin kunne. Fitowar da uwar ta ci gaba da tankaɗe ba ta ɗago ba har ɗan ya gama faɗa mata ya saki matarsa. Ƙarar janareta ta cinye hirar asibiti. NEPA ta ɗauke, na ƙarasa washegari. 68."

Maganar ɗauke wutar ba wasa ba ce. Fim ɗin da ka kalla a zama uku ba zai kama ka kamar wanda ka zauna masa tiryan-tiryan ba, kuma a Disamba ba za ka tuna dalili ba sai dai ka ce "bai yi min ba". Rubutun ne zai tuna maka cewa a sake masa zama.

Yaya ake raba maki?

Rabon da ke aiki ga yawancin fina-finan Hausa, a kan 100: labari da tsarinsa 30, wasan 'yan wasa 25, umarni da ɗaukar hoto 20, sauti 15, haɗa hoto 10.

A labari, tambayi kanka ko abin da ya faru a ƙarshe ya tsiro ne daga abin da aka shuka a farko. In sai da aka kawo haɗarin mota, ko wasiyyar da ba a taɓa ambata ba, ko wani kawu daga Saudiyya kafin a warware ƙulli, cire 10 kai tsaye. A wasa, kalli wanda ba ya magana: yana sauraro ne, ko jira yake a zo kan layinsa? A nan ake gane ɗan wasa. A umarni, duba ko kyamara tana da dalilin zama inda take, ko kuwa an jera mutane uku a doguwar kujera ana ɗauka daga gaba har fim ya ƙare. Hoton jirgi marar matuƙi yana shawagi a kan rufin gidaje kafin kowace fitowa ba gwaninta ba ce, cike gurbi ne. A haɗa hoto ake kama kuskuren kwantiniti: ɗankwali ja a shiga ɗaki, shuɗi a fita, kofin shayi da ke cika kansa, da doguwar tafiyar mota daga buɗe get har fakin wadda ba ta ƙara komai ba.

Ga yadda lissafin ke fitowa. Fim na farko: 24, 15, 17, 6, 7, jimla 69. Na biyu: 20, 21, 12, 13, 6, jimla 72. Na farko ya fi labari da kyan hoto, amma 'yan wasansa sun yi sanyi kuma ba a jin magana. Da ka ne, yawancin mutane na farkon za su ɗora a sama, don hoto ake tunawa. Takarda ce ke nuna inda ya zubar.

In maki ya ce wannan, zuciya ta ce wancan fa?

Tazarar da ba ta wuce maki 3 ba kunnen doki ce. Ɗauki biyun ka tambayi kanka: yau da dare, data ta fim ɗaya gare ni, wanne zan sake kallo? Shi ne a sama. In tazarar ta kai 10 kuma har yanzu zuciya na jan na ƙasan, akwai abin da rabon makinka bai kama ba. Nemo shi ka ba shi suna, ka sake auna duka jerin da shi, ba fim ɗin kaɗai ba.

Ingancin kofen da na kalla yana shafar hukunci?

Ƙwarai. Fim ɗin awa biyu da aka matse ya koma megabait 200 don ya shiga memori, kamar yadda ake samu a wasu shagunan tura fina-finai, ya riga ya rasa abu biyu: fitowar dare takan koma baƙi ƙirin mai dabbare-dabbare, sauti kuma ya zama kamar daga cikin gwangwani. Ba laifin mai ɗaukar hoto ba ne. Banda haka, in ba da izinin mai fim aka tura ba, ko kwabo bai shiga aljihunsa ba. Kalli duk wanda ke takarar shiga goman a tashar masu shi, aƙalla a 480p, ka ƙiyasta kusan rabin gigabait a kowace awa. Kuma sa abin kunne. Lasifikar waya tana ɓoye gurnanin janareta da amsa-kuwwar falo mai tayil, tana kuma ɓoye aikin wanda ya wahala ya gyara su.

Wani lokaci kofen ma ba ɗaya ba ne. The Milkmaid na 2020, wanda yawancin maganarsa Hausa ce kuma Najeriya ta tura shi gasar Oscar, sai da aka yanke masa sama da minti 20 kafin hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta amince a nuna shi a gida. Mutum biyu za su iya yin musu a kansa alhali ba abu ɗaya suka gani ba. Rubuta tsawon kofen da ka kalla.

Waƙa tana da maki?

Tana cikin sauti da labari, ba ta da nata daban. Gwajin mai sauƙi ne: tsallake ta. In ka dawo labari ka tarar ba ka rasa komai ba, talla ce aka liƙa. Daɗin waƙa a gidan biki ba ya ɗaga fim ko da mataki ɗaya.

Tarbiyya fa? Fim mai faɗakarwa bai cancanci fifiko ba?

Nan ne musu ya fi zafi, kuma dukkan ɓangarorin suna da abin faɗa. Shawararmu a raba tambayar gida biyu. Ta farko: zan iya kallonsa da iyaye da yara a falo ɗaya? Wannan alama ce da za ka sa a gefen suna, kuma tana da amfani ga mai karanta jerinka fiye da makin kansa. Kana da damar cewa fim ɗin da ya tsallake iyakarka ba zai shiga ba ko ya ci 90. Faɗi haka a sama, shi ke nan.

Ta biyu: ta yaya saƙon ya iso? Fim ɗin da ya shafe awa biyu yana nuna sharholiya, sannan a minti biyar na ƙarshe aka zaunar da kowa a gaban wani dattijo ya yi nasiha, bai faɗakar ba, wanke kansa ya yi. Wanda ya bar ka ka ga sakamakon zalunci a fuskar yarinyar da aka cire daga makaranta, ba tare da kowa ya juyo ya yi maka wa'azi ba, shi ya yi aikin. Saboda haka kyakkyawar niyya ba ta da maki, iya isar da ita ke da shi, kuma yana cikin talatin ɗin labari.

Yawan masu kallo da kyaututtuka ba hujja ba ne?

Hujja ce ta farin jini. Adadin kallo a YouTube yana bin sunan jarumi, da girman tashar, da fostar da aka sa. Kyaututtuka kuma wasu rukunansu ƙuri'ar jama'a ce, wasu na alƙalai, kuma fim ɗin da ba a shigar ba ba ya cikin takara tun farko. Yi amfani da su wajen gano abin da ya wuce ka, kada ka kwafi jerinsu.

Jarumina ya fito a fim shida a bana, huɗu sun shiga gomana. Da matsala?

Wataƙila. Ɗauki kowanne ka ƙaddara wani ne ya hau matsayin. Wanda ya rushe, jarumin kake so ba fim ɗin ba. Buɗe gurbin gwarzon jarumi ka ba shi a can.

Mu shida ne a majalisa, muna son jeri ɗaya. Yaya za mu yi?

Kowa ya rubuta gomansa a ɓoye, kada babban yaya ya fara faɗin nasa sauran su bi. Na ɗaya maki 10, na biyu 9, har na goma 1, sai a tara. Amma akwai tarko. Fim ɗin da duk shidan suka kalla, kowa ya sa shi na biyar, zai tara 36. Wanda uku kaɗai suka kalla, dukansu suka sa shi na ɗaya, zai tara 30. Sai wanda ba ya ran kowa ya doke wanda ya sace zuciyar duk wanda ya gan shi. Maganinsa a raba jimla da yawan waɗanda suka kalla: na farko 6, na biyu 10. Don kada fim ɗin mutum ɗaya ya haye da wannan dabarar, a sa sharaɗi sai rabin majalisa sun gan shi. Wanda ya kalla bai sa shi a gomansa ba, sifili ya ba shi, kuma ana ƙirga shi cikin masu kallo.

Yaushe zan fitar, kuma ta wace siga?

Tsakiyar Janairu. Fim ɗin da ka kalla ranar 28 ga Disamba yana da zafi a ka, na Fabrairu ya huce. Mako biyu sukan daidaita su. A cikin makonnin nan sake kallon ukun sama, da duk wanda ka gani cikin hayaniyar Sallah, gida cike da baƙi ana ta suyar nama, don a ranar komai daɗi yake yi.

Fara daga na goma ka gangaro zuwa na ɗaya. Kowanne jimla biyu ko uku: abin da ya yi daidai, fitowa guda a matsayin shaida, da inda ya gaza. Kada ka tona ƙarshen labari. A ƙasa lissafa manyan fina-finan shekarar da ba ka samu gani ba, tun kafin a tambaye ka "ina wane?". Kuma soki aiki, kada ka taɓa mutum: "muryarta ba ta sauya ba daga farin ciki zuwa makoki" suka ce, maganar aurenta ko shigarta a wajen fim ba ta cikin jeri. Masu harkar nan da yawa a garin nan suke zaune, wanda ka yaga a rubuce da safe kana iya haɗuwa da ƙaninsa a sahu da la'asar.

In na sauya ra'ayi bayan shekara biyu?

Fitar da sabo ka sa masa kwanan wata, ka bar tsohon yadda yake. A gefen duk fim ɗin da ya hau ko ya sauka da mataki uku ko fiye, rubuta dalili a layi ɗaya, da ranar da ka sake kallonsa.